Ba Likita Ne Ya Hana Ta Ba: Malamar da Ta Bar Cin Fulawa a Birnin Kebbi

Matar da wannan bayani ya shafa malamar sakandare ce a Birnin Kebbi, 'yar asalin ƙasar Argungu, shekarunta sun doshi 40, 'ya'yanta huɗu. Maigidanta ma'aikacin gwamnatin jiha ne. Uwar mijin tana zaune tare da su, kuma ta daɗe tana fama da ciwon sukari. Malama ake kiranta a unguwa, ni ma haka zan kira ta. Ita ce ta yanke wa kanta hukuncin daina cin duk abin da aka yi da alkama don gudun gulutin, wani furotin da ke cikin alkama, ba tare da wani likita ya ce mata uffan ba. Ta riƙe tsarin da gaske, ko da yake ba ɗari bisa ɗari ba. Ta kuma ji sauƙi, sauƙi na haƙiƙa wanda kowa ya gani a jikinta. Sai dai dalilin da ta jingina sauƙin a kansa ba shi ne ba, wannan kuwa ya ci mata kuɗi, ya kuma taɓa lafiyar wasu da ke kusa da ita.

Kukanta na shekara da shekaru ciki ne. Kumburi, yawan gyatsa, ƙwannafi jefi-jefi, da wata kasala da ke saukar mata da hantsi daidai lokacin da take tsaye gaban allo. Tun haihuwarta ta ƙarshe jiki ya ƙaru bai koma ba. Kamar yawancin mutanenmu, tuni ta raɗa wa ciwon suna da kanta, ta ce olsa ce. Mai kemis na bakin layi ya san ta, farin maganin ruwan nan ba ya yankewa a jakarta.

Ga yadda cimarta take kafin ta sauya. Da safe burodi da shayi mai kauri, madarar gari cokali uku, sukari ba a magana. Wajen ƙarfe goma akwai yarinyar da ke kawo fanke da mitfai ofishin malamai cikin bokitin roba, a ci a kora da lemon kwalba mai sanyi. Da rana taliya, don ita ce mai saurin dahuwa ga macen da ta dawo aiki ƙarfe biyu ta tarar da yara na kukan yunwa. Da dare tuwon semo. In ka ƙirga, sau huɗu ke nan alkama ke shiga cikinta a yini guda, amma ba ta taɓa ɗaukar kanta mai cin alkama ba. A wurinta alkama ita ce tsabar da ake aunowa a kasuwa in za a yi alkaki ko funkaso. Ba ta taɓa tsayawa ta lura cewa fulawa da semo da taliya da kuskus da biskit duk gida ɗaya suka fito ba.

Bayan ƙaramar salla abin ya kai mata iya wuya. An sha cincin da dubulan da kek, ciki ya ɗaure kwana da kwanaki. A daidai wannan lokaci aka turo wani bidiyo zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban makarantarsu. Wata mata ce da Hausa raɗau take bayanin cewa gulutin guba ne, yana liƙe wa hanji, shi ke kawo tumbi da ciwon gaɓɓai da ƙuraje har da jinkirin haihuwa. A ƙarshen bidiyon akwai lambar waya ga mai son sayen gari na musamman. Malama ta ce da ta gama kallo sai ta ji kamar matar ta leƙa cikinta ne ta zo tana faɗa.

Gulutin dai furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wasu danginsu. Shi ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo, ya miƙe in an ja shi, ya riƙe iskar yis har burodi ya tashi. Duk macen da ta taɓa ƙoƙarin murza taliya da garin dawa ta san abin da ya ɓace. Gero da dawa da masara da shinkafa da acca da wake da rogo da doya, babu ko ɗaya da ke ɗauke da shi.

Akwai kuma mutanen da yake cutarwa da gaske, kada a ce ƙarya ce tsagwaronta. Cutar siliyak ita ce babba. Mai ita, da zarar gulutin ya isa ƙaramin hanjinsa sai garkuwar jikinsa ta juyo ta far wa bangon hanjin, 'yan ƙananan tsiron da ke tsotse amfanin abinci su shafe. Daga nan sai gudawa mai daɗewa, rama, ƙarancin jini, yaro ya ƙi girma. Ana ƙiyasin kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na da ita. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da alaƙarta da alkama, kuma yunwar da aka yi a ƙasarsu a 1944 zuwa 1945 ta ƙarfafa hujjarsa: da burodi ya yanke yaran da ke fama da cutar suka murmure, da ya dawo suka koma gidan jiya. Kada kuma a ce ciwon Turawa ne. A 1999 an buga binciken da ya gano ta a jikin sama da kashi 5 cikin 100 na yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, adadin da ya zarce na ƙasashen Turai nesa ba kusa ba. Mai wannan cuta ba shi da zancen "ina ɗan taɓawa ranar biki". Ƙa'idar duniya ta abincin da za a rubuta wa cewa ba shi da gulutin ita ce kada ya wuce miligiram 20 a cikin kilo guda. Ɓurɓushin burodi a faranti ma ya isa ya tayar masa da ciwo.

Malama ba ta san ko tana cikin waɗannan ba, ba ta kuma nemi sani ba. Ta dai tashi wata Litinin ta ce ta bar fulawa.

A wata ƙasar wannan hukunci babban aiki ne. A Kebbi kuwa komawa gida ne kawai. Alkama ta daɗe a ƙasar Hausa, ana nomanta a lambu da rani tun kaka da kakanni, amma abincin alfarma ce, ta biki da gara da saukar baƙo. Tukunyar kullum ta gero ce da dawa, a bakin fadamar Rima kuma shinkafa. Burodi da taliyar kamfani ba su zama cimar talaka ba sai da kuɗin fetur suka shigo, har gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, aka ɗage hanin bayan 'yan shekaru. Har yau mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Najeriya daga waje take zuwa, duk da cewa Kebbi na cikin jihohin da ke nomanta, kuma a nan Birnin Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki a watan Nuwamban 2015. Bayan yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 da faɗuwar darajar naira a 2023, gidaje da yawa sun rage burodi ba tare da sun taɓa jin sunan gulutin ba. Aljihu ne ya yi musu wa'azi.

Saboda haka Malama ba ta sha wahalar neman madadi ba. Safe ta koma koko da ƙosai, wata rana kunun gyaɗa, wata rana ɗumame. Ta daina kallon bokitin fanke, ta riƙa zuwa da gyaɗa ko dafaffen ƙwai a jaka. Rana shinkafa da wake ko dambu da zogale. Dare tuwon dawa ko na masara da miyar kuka, ko tuwon shinkafa da kifi. Uwar mijin, wadda duk gidan ke kira Inna, ta kalli wannan sabon ilimi ta yi dariya. "Wanga abu da kinka ce sabo na," in ji ta, "shi munka tashi muna ci. Burodi sai in wani ya dawo birni."

Amma barin nata na galibi ne. In an kawo alkaki daga gidan biki takan gutsura. In tafiya ta kama ta zuwa Sakkwato takan sayi burodi a Jega ko Tambuwal. Akwai kuma wanda take ci ba ta sani ba. Ɗanwaken sayarwa yanzu da wuya ka samu wanda ba a sa wa fulawa ba. Wasu masu masa na zuba 'yar fulawa a ƙullu. Lemon malt da take sha da yamma, tana ganin shi ne mai gina jiki, da sha'ir ake yinsa. Wato gulutin bai taɓa barin cikinta gaba ɗaya ba, raguwa ya yi.

Duk da haka cikin 'yan makonni kumburin ya lafa. Gyatsar ta ragu, kasalar hantsi ta tafi, zanin da ya matse ya fara sakewa. Abokan aiki suka soma tambaya. Abin nema ya samu, Malama ta kama bakin zaren da ta daɗe tana nema, ta ce ashe duk shekarun nan gulutin ne.

A nan nake ganin ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin nan ne kusan kowa ke zamewa. Ba gulutin kaɗai ya fita daga cimarta ba. Da burodi ya tafi, shayin safe ya bi shi, shayi kuwa ya tafi da madara da sukari. Manya da yawa a Afirka ta Yamma cikinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikin madara sosai, abin da yake jawowa kuwa shi ne kumburi da ƙugin ciki da iska, daidai abin da take kuka da shi. Nonon da ya yi tsami ya fi sauƙi a ciki, shi ya sa fura ba ta taɓa damunta ba. Da fanke da mitfai suka tafi, man suya ya ragu, lemon kwalba mai iska ya tafi, ga gyatsa ta sami sauƙi. Kasalar hantsi kuwa, wanda ya karya da farin burodi da shayi mai zaƙi ya ɗora fanke da lemo a kai, ba sai an je nesa neman dalilin nauyin jikinsa ba. Ramewar ma lissafi ne mai sauƙi: ta daina ciye-ciyen tsakanin abinci, tun da kusan duk abin da ake tallarsa a makaranta na fulawa ne. Abu biyar ko shida ta sauya rana ɗaya, ta ɗora ladan duka a kan guda.

Ko a cikin alkamar kanta, ba gulutin ne kaɗai abin zargi ba. Tana ɗauke da wani nau'in sukari mai sarƙaƙiya da ake kira furuktan, wanda ƙaramin hanji ba ya narkarwa. Yakan wuce zuwa babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su ci shi su saki iska. Masana a Jami'ar Monash ta Ostireliya sun buga bincike a 2011 da ya nuna kamar gulutin na damun wasu marasa siliyak. Su da kansu suka sake gwajin a 2013 da tsari mafi tsauri, suka fara rage wa mutanen irin waɗannan sukari masu kumbura ciki, sai kowa ya ji sauƙi. Da aka riƙa ba su abinci a ɓoye, wani da gulutin wani babu, ba su san wanne ne wanne ba, sai ƙorafin ya dawo kusan iri ɗaya ko da gulutin ko babu. A 2018 wasu masana a Nowe suka gwada mutum 59 da suka haƙiƙance gulutin ke damunsu, aka ga furuktan ya fi tayar musu da ciki, gulutin kuwa bai bambanta da abincin da ba a sa wa komai ba. Wannan bai nuna mutanen ƙarya suke yi ba. Ciwon na nan, mai laifin ne aka kama ba daidai ba.

Furuktan kuma ya cika a albasa da tafarnuwa. Wanda ke zaune kusa da Aliero, garin noman albasa, ba sai an gaya masa yawan albasar da ke shiga tukunyarmu ba, balle ɗanyarta da ake yankawa a kan tsire da kwaɗo da shinkafa da wake. Malama ta lura cewa wasu ranakun kumburin na dawowa ko da ba ta taɓa fulawa ba, musamman ranar wake ko ranar da maigida ya shigo da tsire. Maimakon ta zargi wake ko albasa, sai ta ce lalle an ɓoye fulawa a cikin yajin. Idan mutum ya riga ya yarda da dalili ɗaya, ranar sauƙi shaida ce, ranar ciwo ma shaida ce.

Har zuwa nan babu wanda ya cutu. Mace ta bar fanke da lemo ta koma tuwon dawa, wa zai yi kuka? Matsala ta fara ne ranar da ta kira lambar da ke ƙarshen bidiyon.

Kaya suka fara isowa tasha daga Abuja da Kano, ana ba direba ya kawo. Garin almon a 'yar leda, biskit na waje mai tambarin cewa ba shi da gulutin, wata taliya ta garin masara da ke dagargajewa a tukunya, acca a kwali mai hoto da kuɗinta ya ninka na kasuwa. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne garin shinkafa. A jihar da ake loda shinkafa tirela-tirela ana kaiwa kudu, jihar da ta haɗa gwiwa da Legas a 2016 aka yi shinkafar Lake Rice, malamar makaranta na biyan kuɗin mota a kawo mata garin shinkafa a leda, alhali ga injin niƙa a bayan gidanta. Irin waɗannan kaya an yi su ne don masu siliyak a ƙasashen da burodi ne tuwonsu. Yawancinsu sitaci ne tsantsa da aka ƙara wa mai da sukari don su yi daɗi, ba su fi biskit na shago amfani ba. Maigidan ya yi shiru wata na farko. A na biyu, da kuɗin makarantar yara ya zo, ya ce, "Malama, ni ban hana ki gyara cikinki ba. Amma abincin da kika ce na kakanninmu ne, yaya aka yi ya fi na Turawa tsada?" An yi 'yar tsama ta kwana biyu, daga nan sayayyar ta ragu.

Matsala ta biyu ta fi wannan nauyi. Wanda ya ga haske yakan so ya haska wa kowa, Malama ta juyo kan gidan. Ta hana yara burodi, abin da bai hana su saye a hanyar makaranta ba. Sannan ta taɓa kwanon Inna. Tsohuwar ta shekara da shekaru tana cin tuwon alkama da dare, irin wanda ake niƙa tsabar da dusarta, kamar yadda masu ciwon sukari da yawa ke yi a ƙasar nan. Malama ta ce wannan guba ce ake ɗura wa tsohuwa. Ta maye shi da tuwon shinkafa mai laushi, da safe kuma masa, duka don kyautatawa. Inna ba ta yi musu ba, dama tuwon alkaman ya ishe ta.

Ba a jima ba ta fara yawan tashi fitsari da dare, ga ƙishirwa. Babban jikanta, wanda ke soka mata yatsa da na'urar gwajin sukari kowace safiya, ya ga lambar na hawa fiye da yadda aka saba. Gulutin furotin ne, ba shi ke ɗaga sukarin jini ba. Sitaci ke yi, farar shinkafar da aka dafa ta yi luguf aka tuƙa kuwa tana cikin masu saurin ɗaga shi. An gudu gara an faɗa gidan zago. Ba wai tuwon alkama magani ne ba, wannan ma wata camfi ce da ta zauna mana. Shi ma yana ɗaga sukari in an cika kwano. Ɗan fifikon da yake da shi dusar da aka bari a ciki ce, kuma dawa ko gero in an niƙa ba a surfe su tas ba za su yi wannan aiki. Mu ne ke surfe hatsi mu ba awaki dusar. Da aka koma asibiti da Inna, abin da aka ce shi ne a rage girman malmala, a yawaita miya da ganye da wake, a ci gaba da magani. Ba a yi zancen gulutin ba ko sau ɗaya.

A wannan zuwa asibiti ne Malama ta ce bari ita ma ta ga likita, ba don tana shakka ba, sai don ta samu takardar da za ta nuna wa maigida. Likitan ya saurare ta har ta gama, sannan ya tambaye ta yaushe rabonta da cin burodi kullum. Ta faɗa masa da alfahari. Ya ce, "To Hajiya, kin ɓata mana gwajin." Gwajin jinin siliyak yana neman alamun faɗan da garkuwar jiki ke yi da gulutin ne. In mutum ya daɗe bai ci ba, ko yana ci kaɗan-kaɗan, alamun na iya dusashewa, sakamako ya fito lafiya lau alhali cutar na nan. Haka ma in an zura na'urar hange ta baki an ɗebo ɗan tsokar hanji, hanjin da ya huta yakan warke ya ɓoye shaida. In tana son amsa ta gaskiya, sai ta koma cin alkama kullum, kamar yanka biyu na burodi, na wajen makonni shida, sannan a ɗebi jini. Ba kowane ɗakin gwaji ke yinsa ba, kuma da kuɗi.

Wannan shi ne aibin barin alkama na galibi kafin a yi gwaji. In mutum lafiyayye ne, ya takura wa kansa a banza. In kuwa mai siliyak ne, ɗan abin da yake taɓawa ranar biki da wanda ke ɓoye a ɗanwake ya isa ya ci gaba da cin hanjinsa, kuma ya rage abin daidai yadda gwaji zai iya kasa kama shi.

Ta yi ta jinkiri, daga baya ta yarda. Makonnin burodin ba su zo yadda ta zata ba. Ta ci shi da ruwan lifton ba madara, wata rana da ƙwai, wata rana da ƙuli. Wasu ranakun ciki ya ɗan yi nauyi, yawanci kuwa shiru. Sakamako ya dawo babu alamar siliyak. Abin da aka samu shi ne jininta ya ɗan yi ƙasa, aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, aka tambaye ta yanayin al'adarta, aka kuma duba ta game da ƙwayar cutar nan da ke haddasa olsa, wadda ta yawaita ƙwarai a Najeriya kuma ana kashe ta da magani in an same ta.

Ba za a iya cewa barin fulawa ne ya rage mata jini ba, ƙarancin jini ya zama ruwan dare ga mata masu haihuwa. Amma akwai abin lura. Tun 2002 doka ta wajabta wa kamfanonin Najeriya ƙara bitamin A a fulawa da garin masara da sukari da man girki, fulawar kuma ana ƙara mata sinadarin ayon mai ƙara jini da wasu bitamin na rukunin B. Garin da aka kai inji a unguwa ba wanda ya ƙara masa komai. Wanda ya bar fulawa ya koma gero da wake da zogale da kifi da hanta bai yi asara ba, wataƙila ma ya ci riba. Wanda ya bar ta ya koma farar shinkafa safe da rana da dare, da tuwon masarar da aka surfe fes, shi ya yi ragi bai cike ba. Wani babban bincike da aka buga a 2017, wanda ya bi ma'aikatan lafiya sama da dubu 100 a Amurka na sama da shekara 20, bai ga alamar cewa cin gulutin na ƙara haɗarin ciwon zuciya ba. Abin da masu binciken suka ja kunne a kai shi ne masu gudunsa kan rage cin hatsi mai dusa, wanda shi ke da amfani ga zuciya.

Yanzu Malama na nan kan tsarinta, galibi ba ta cin fulawa. Ni ban ga laifin haka ba. Koko da ƙosai sun fi riƙe ta har azahar, ba ta son jikin ya dawo, kuma tuwon dawa ya fi semo sauƙin kuɗi. Kayan Abuja sun daina zuwa. Yara na cin burodinsu ranar Asabar da Lahadi, ita ma takan yaga in ya yi mata ƙamshi. Ta gano da kanta cewa madarar gari da ɗanyar albasa sun fi burodi tayar mata da ciki, ko da yake in zance ya taso a ofis har yanzu bakinta kan suɓuce ta ce gulutin. Inna ta koma tuwon dawa ƙaramar malmala, tana mita.

Abin da bai warware ba yana ofishin malamai. A lokacin da Malama ke ganiyar wa'azinta, mata uku ko huɗu sun bi ta. Sauran sun gaji sun koma wa fankensu, saura ɗaya, wata matashiyar malama da ba ta daɗe da aure ba. Ita kukanta ba kumburi ba ne. Gudawa ce da ke zuwa tana tafiya tun tana budurwa, ga rama, tafin hannunta fari fat, hawa ɗan tudu sai ta tsaya ta huta. Da ta rage fulawa ta ce gudawar ta yi sauƙi, ba ta dai tsaya ba. Tana cin alkakin biki, tana sayen ɗanwake, kuma garin tuwonta a injin da ake niƙa alkama ake niƙa shi, ba mai wankewa tsakanin wannan kwano da wancan. Irin waɗannan alamu, rama ba dalili da gudawa mai daɗewa da ƙarancin jini, su ne ba a zama da su a gida. Suna iya zama siliyak, suna iya zama tsutsar ciki ko tarin fuka na hanji ko wani abin daban da ke da magani, kuma ba a rarrabe su sai da gwaji.

Malama ta same ta bayan an tashi, ta gaya mata duk abin da likita ya ce, har da zancen komawa cin burodi na makonni kafin a ɗebi jini. Ta ce za ta raka ta, za ta ma taimaka da kuɗin gwajin. Yarinyar ta saurara har ƙarshe, ta gyara mayafinta, ta ce, "Anti, ke ce fa kika ce mana guba ne. Yanzu kuma ki ce in koma in ci kullum?"